Ranar da Dogo Ya Daka wa Surukarsa Tsawa

Dogo ba ya tsoron sama. Ya ratsa hadari da ƙaramin jirgi ya fita lafiya, ya sauka a filayen da sai an kori awaki kafin taya ta taɓa ƙasa, kuma bai taɓa dawowa gida ya kasa cin abinci ba. Abu guda ne a duniyar nan ke kashe masa gwiwa, wato surukarsa, mahaifiyar matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama.

Ba masifa take yi ba, ai da masifa ce da abin ya zo da sauƙi. Mama tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin haihuwa ta ƙarar da ƙarfinta, rabin unguwa a hannunta suka faɗo duniya. Har yau kuwa irin kallon da take yi wa kowa ke nan, babba da yaro, kallon wanda ta taɓa gani ba wando. In Dogo ya je gaishe ta, duk tsawon nan da Allah ya ba shi sai ya naɗe shi a bakin ƙofa, ya kafa ido a ƙasa, murya ta koma ta ɗan firamare. Tun da ya auri Auta bai taɓa cin abinci a gaban uwarta ba, bai kuma taɓa zama kujera ɗaya da ita ba.

Ana nan sai aka ba Dogo aikin da ya daɗe yana roƙon Allah, na ɗaukar likitoci da magunguna zuwa garuruwan da mota ba ta kaiwa in ruwa ya sauka. Ya shigo gida da labarin yana washe baki, ya tarar da Mama a falo tana yi wa jikarta wasa, jaririyar da Auta ta haifa kwanan nan. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce ita ba ta aurar da 'yarta don ta zauna tana leƙen sama da goyo a baya ba. Koyar da ɗalibai tuƙi da yake yi a gefen gari ma da ƙyar ta haƙura da shi, balle a ce yawon daji. Ga shagon kayan mota na babban ɗanta nan yana neman mutum mai amana.

Dogo, don ladabi, ya ce, "Duk abin da Mama ta yanke shi ne." Ya faɗa ne irin faɗar da ake yi don babba ya ce a'a, kai ka san aikinka. Mama kuwa ta ce, "Madalla," ta naɗe maganar ta sa a jaka.

Daga ranar gidan ya daina daɗi. Auta na son mijinta ya yi abin da ransa ke so, amma ba ta iya buɗe baki a gaban uwarta. Dogo ya fara ramewa a tsaye, da ya tuna zai ƙare rayuwarsa tsakanin fulogi da fanbel sai loma ta tsaya masa a wuya. Daga baya Mama da kanta ta sassauta. Ta aiko Auta ta gaya masa cewa ita tun da take ba ta taɓa yanke wa mace hukunci ba ta duba ta ba, don haka ya ɗauke ta a jirgin nan ta gani da idonta. In hankalinta ya kwanta, ya karɓi aikinsa. In bai kwanta ba, mukullin shago na jiran sa.

Ranar Asabar da hantsi suka isa filin. Ba wani babban fili ba ne: titin jirgi guda ɗaya, rumfar kwano da ake ajiye jirage, sai wani ɗan ofis mai fanka da butar shayi da akwatin rediyon da ake magana da matuƙa. Mai kula da rediyon Aku ake ce masa, don bakinsa ba ya hutawa ko ba jirgi a sama. A kujerar da ke ƙarƙashin fankar kuma Kyaftin ke zama, dattijon da ya koya wa Dogo tuƙi, mutum mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. Auta ta sami benci a ofis ta zauna da jaririya. Mama ta fito cikin shiga ta alfarma, da gyale mai ruwan toka wanda ta daɗe tana adanawa, ta dubi jirgin ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Ai motar ɗaukar marasa lafiyarmu ta fi shi girma."

Dogo ya zage ya duba jirgin irin dubar da bai taɓa yi masa ba. Ya tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike a ɗan gilashi, ya ɗaga a rana don ya ga ko da ruwa a ciki. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya auna baƙin mai, ya shafa farfela da tafin hannu, ya durƙusa ya latsa tayoyi. Mama na biye da shi, hannu a baya, tana gyaɗa kai. Har ta ce masa haka ake so, likitan da bai wanke hannu ba ita ba ta barin sa ya shiga ɗakinta. Dogo ya ji wani sanyi a ransa, ya fara ganin aikin nan kamar ya shigo hannu.

Shi irin jirgin nan ƙofa ɗaya gare shi, a gefen dama, gefen fasinja. Matuƙi ke fara shiga ya tsallaka kujerarsa, fasinja ya biyo baya ya zauna a jikin ƙofar. Sakata biyu ce da ita, ɗaya a ƙasa kusa da gwiwa, ɗaya a sama daidai kan fasinja, wadda sai an murɗa ta da ƙarfi ta ce ƙas. Ƙa'idar da Kyaftin ya dasa wa kowa a filin ita ce matuƙi da hannunsa yake rufe ƙofa, ya kuma tura ta ya ji ta riƙe, ko wa ke zaune a wurin. Dogo kansa ya sha sauke ɗalibai daga jirgi a kan wannan, yana yi musu faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Mama ta hau ta zauna, kafaɗarta na gogar tasa, don cikin jirgin bai fi bayan tasi faɗi ba. Tun daga nan zufa ta karyo masa. Ya miƙa mata abin kunnen da ake magana da shi, ta ɗora a kan ɗankwali. Sannan ya ɗaga dogon hannun nan nasa zai kai ga sakatar sama, sai ya ga dole hannun ya ratsa ta gaban fuskar Mama, hammatarsa ta tsaya daidai hancinta. Hannun ya tsaya a iska. Ya ɗan sosa ƙeya da shi, ya mayar da shi kan cinya.

"Mama," ya ce, idonsa na kan agogunan gabansa, "ko za a taimaka a ja ƙofar, a murɗa wancan na saman?"

Mama ta ja ƙofa, ta murɗa abin da aka nuna mata.

"An rufe?"

"An rufe."

Bai ji ƙas ɗin nan ba. Ya saci kallon sakatar ta gefen ido, ya ga kamar ta zauna, kamar kuma ba ta zauna ba. Ya ga bel ɗin da ta ɗaura ma ya yi sako-sako a cinyarta. Amma ta yaya mutum zai sake duba abin da surukarsa ta ce ta yi? Ai kamar ya ce mata maƙaryaciya ne. Ya haɗiye maganar, ya tayar da inji, ya gaya wa Aku za su tashi.

Jirgin ya miƙe a kan titi, Dogo ya tura totur har ƙarshe, inji ya ɗauki ƙugi, rumfar kwano ta wuce su a guje. Ya ja sitiyari a hankali, ƙasa ta sake su. Mama ta ce, "Ikon Allah!" da wata murya ta yarinya wadda bai taɓa ji a bakinta ba. Ya fara murmushi ke nan, suna daidai saman bishiyoyin ƙarshen fili, sai ji suka yi fau!

Ƙofar ta ɓalle daga sama, ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Iska ta faɗo ciki da ihu, taswirar da ke kan cinyar Dogo ta tashi ta manne a gilashi, ƙura da tsofaffin takardun alewa na ɗalibai suka cika wurin. Gefen gyalen Mama ya zurara ta kafar, iska ta fizge shi waje, ya shiga dukan jikin jirgi fat-fat-fat kamar ana buga ganga.

Abu na farko da Dogo ya yi shi ne abin da bai kamata ba. Ya kai hannu ga ƙofar, yanzu kam ba ta hammata ake yi ba. Da ya karkata, ɗaya hannun ya ja sitiyari bai sani ba, hancin jirgi ya ɗaga sama, gudu ya ragu. Sai ɗan ƙahon nan na gargaɗi ya fara kuka, wanda ke sanar da matuƙi cewa jirgi na gab da rasa gudun da ke riƙe shi a sama. Kukan ya shiga kansa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya tuna Kyaftin yana gaya masa tun yana ɗalibi cewa jirgin nan yana tafiya lafiya lau da ƙofa a buɗe, kuma iska ba za ta bari ka rufe ta a sama ba, ka bar ta ka tuƙa jirginka. Ya saki ƙofa, ya damƙi sitiyari, ya sauke hanci. Ƙahon ya yi shiru, bishiyoyi suka wuce ta ƙarƙashinsu kusa fiye da yadda yake so.

Ya juyo ke nan ya ga Mama ta sa hannu a kan maɓallin bel tana ƙoƙarin kwancewa, ɗaya hannun kuma ta miƙa ta kafar ƙofa za ta ceto gyalenta.

"Ke Mama!" Muryar da ta fito daga ƙirjinsa shi kansa bai san ta ba. "Cire hannunki daga bel ɗin nan! Ki saki gyalen! Na ce ki sake shi! Zauna daidai, hannu a cinya, kar ki ƙara taɓa komai sai na ce!"

Mama ta dube shi, ido waje. Ta saki gyale, ya fice fit ya yi ƙasa yana lilo. Ta ja bel ta tamke, ta ɗora hannuwa a cinya, ta miƙe zaune kamar 'yar makaranta a gaban hedimasta.

Abin da Dogo bai sani ba, a jikin sitiyarin akwai ɗan maɓallin da ake dannawa in za a yi magana da ƙasa, kuma da ya damƙi sitiyari babban yatsansa a kansa ya sauka. Duk tsawar nan, tun daga ke Mama har zuwa sai na ce, ta fito tar a rediyon ofis. Ya gane ne da ya sassauta yatsa, ya ji muryar Aku a kunnensa tana tambaya ko lafiya.

"Ƙofa ce ta buɗe," in ji Dogo. "Jirgi lafiya lau. Zan zagayo in sauka."

Ya zagayo a natse, iska na ta ihunta, shi kuwa bai ƙara kallon ƙofar ba. Ya rage totur, ya daidaita hanci da titi, ya ajiye jirgin a ƙasa a hankali, ko girgiza bai yi ba. Da ya kashe inji, shiru ya sauka, sai a lokacin abin da ya faɗa ya dawo masa kalma bayan kalma. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Aiki dai ya tafi, wannan ya riga ya sani. Abin da bai sani ba shi ne ko auren ma zai kai gobe.

Suka shiga ofis, Mama a gaba, ba gyale, ɗankwali ya karkace. Auta ta taso da jaririya a kafaɗa, hawaye a fuska, ta rasa wanda za ta fara taɓawa tsakanin uwa da miji. Aku ya juya baya yana goge rediyon da ba ƙura a kansa, kafaɗunsa na rawa. Kyaftin bai tashi ba. Ya zuba shayi a kofi ya miƙa wa Mama, sannan ya dubi Dogo.

"Wa ya rufe ƙofa?"

"Ni ce," in ji Mama. "Ya tambaye ni, na ce an rufe. Kar ku ga laifin yaron."

Ga hanya an buɗe masa, kuma har ga Allah ransa ya so ya bi ta. Amma ya dubi dattijon da ya koya masa aiki, ya ce, "A'a, Kyaftin. Ni ya kamata in rufe, ban rufe ba. Ban ji ta kama ba, kuma na tashi a haka."

"Hannunka ne bai kai ba?" in ji Kyaftin. "Duk filin nan wa ya kai ka tsawon hannu?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Kunya ce ta hana ni."

Nan Aku ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya har da dukan tebur. "Kunya! Wallahi ni ban ji kunya a rediyon nan ba. Hannu a cinya, kar ki ƙara taɓa komai! Ni kaina da nake nan sai da na ɗora hannu a cinya."

Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce ƙofar ba ta dame shi ba, ƙahon da ya ji yana kuka a rediyo kafin tsawar shi ya dame shi. Ya san wani matuƙi, gwani ne kuwa, da ya saki tuƙi don ya rufe ƙofa a daidai irin wurin nan, kuma bai sami damar zagayowa ba. Ya koma ga shayinsa. Aku ya haɗiye dariyarsa.

Mama ta shanye shayinta sannu a hankali, ta ajiye kofi, ta gyara ɗankwali. Dogo ya durƙusa a inda ya saba, bakin ƙofa, ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Tashi," in ji Mama. "Wannan durƙuson ne ya kusa kashe mu."

Ya miƙe tsaye, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Ka san 'yan koyo nawa na kora daga ɗakin haihuwa?" ta ce. "Ba don ba su da ilimi ba. Za a kawo matar babban mutum, ko yayar babarsu, sai ka ga yarinya tana noƙe-noƙe, ta kasa ɗaga zane ta duba, ta tsaya tana tambaya wai Hajiya ya jikin. Jini na zuba, ita tana ya jikin. Ni kuwa na taɓa daka wa matar shugaban asibitinmu tsawa har ta yi shiru ta yi nishi, yaron da ta haifa yanzu shi ma likita ne." Ta nuna shi da yatsa. "Yau mutum biyu na shiga jirgi da su. Wanda ya kasa miƙa hannu ta gabana, wannan ko keke ba zan ba shi ya ɗauki jikata ba, shago ya dace da shi. Wanda ya ce ke Mama, shi kam zan iya barci a jirginsa. To, ban san wanne ne zai riƙa zuwa aiki ba."

Dogo ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ba da baki za ka gaya mini ba. Ni na ci burin in ga rufin gidana daga sama, ban ga komai ba sai ƙura da takardar alewa. Akwai sauran mai a jirgin?"

Auta ta ce, "Mama, don Allah, ya isa haka," amma Mama ta riga ta karɓi mayafin 'yarta ta yafa, ta yi gaba. Kyaftin ya dubi hannuwan Dogo ya ga ba sa rawa, ya tambaye shi ko yana jin zai iya. Dogo ya ce zai iya. Kyaftin ya ce to ya sake duba jirgin tun daga farko, har da maƙalan ƙofar, kada iska ta yi musu illa.

Ya sake dubawa, bai tsallake komai ba. Ya shiga ya zauna, Mama ta biyo shi, kafaɗa ta gogi kafaɗa. Ta ja ƙofar da kanta, ta taɓa sakatar sama da 'yan yatsu biyu, ta kalli gaba abinta.

"An rufe," ta ce.

Tsohuwar kunyar nan ta sake taso wa Dogo. Ya haɗiye ta.

"Mama, matsa baya kaɗan."

Ya miƙa hannu ta gaban fuskarta, hammata da komai, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya tattaro gefen mayafinta da ke lilo a waje ya cusa mata a cinya. Ya ja ƙofa da ƙarfi, ya danna sakatar ƙasa, ya murɗa ta sama har ta ce ƙas, ya tura da tafin hannu ya ji ta riƙe. Sannan ya kama bakin bel ɗinta ya ja har sai da ta ce wash.

Mama ba ta dube shi ba. Ta gyara abin kunnenta, ta ce, "In ka fara zuwa garuruwan nan, ka riƙa gaya wa Auta lokacin da za ka sauka, kar ka bar mini yarinya da zullumi. Kuma gyalena yana wuyanka."

Dogo ya gyaɗa kai. Ya share ido da bayan hannu, ya leƙa ta taga ya tabbatar ba kowa kusa da farfela, ya tayar da inji.